Dokar yunifom: a rubuta ta yadda kowane tela zai iya ɗinka ta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon ka ba mu fili mu tofa albarkacin bakinmu a kan kayan makaranta, wato yunifom, da dokokin sa tufafi da ake gindaya wa ɗalibai. Mu da muka haɗu a kan wannan wasiƙa, wasunmu teloli ne, wasunmu malaman makaranta, kuma bakinmu ya zo ɗaya a kan cewa yawancin cacar bakin da ake yi a ƙofar makaranta da sassafe daga takardar dokar take tasowa. Ana ɗora wa yaro laifin taurin kai, ana ɗora wa uwa laifin sakaci, alhali an ba su doka ce wadda ko tela bai san abin da take nufi ba.

Ɗauki wannan jimla da kusan kowace makaranta ke rubutawa: "farar riga da shuɗin wando". Wane shuɗin? Akwai mai duhu da ya kusa zama baƙi, akwai mai hasken sararin sama, akwai wanda ya karkata zuwa kore. Iyaye arba'in su shiga kasuwa da wannan jimla, sai a ga shuɗi kala shida a aji guda. Ranar da aka koma makaranta, malamin da ke tsaye a ƙofa shi ne zai zama alƙali, wanda ya yi daidai da shuɗin da ke kansa ya wuce, saura su tsaya a gefe. Gobe wani malamin ne a ƙofa, da nasa shuɗin. Maganin wannan ba ya da tsada. A yanko ƙyalle kamar faɗin tafin hannu, santimita 10 ta kowane gefe, a maƙala shi a takardar shiga makaranta ta kowane ɗalibi. Makaranta kuma ta ajiye samfur biyu a cikin durowa, inda rana ba ta kaiwa: ɗaya sabo fil, ɗaya wanda aka wanke sau ashirin. Duk kalar da ta faɗa tsakanin waɗannan biyun, ta cika doka. Dalili shi ne, ko masaƙa ɗaya ce ta yi bandir biyu, in ba a turo su daga rini ɗaya ba sai an ga ɗan bambanci, balle kayan da suka sha wanki wata shida. Samfurin da aka liƙa a allon sanarwa kuwa, kafin zangon karatu ya ƙare rana ta koɗar da shi, ya zama shi kansa ya karya dokar.

Bayan kala sai irin yadin, kuma a nan ne ake tafka asarar da ta fi yawa. Auduga zalla tana da sanyi a jiki, tana shan gumi, amma tana yamutsewa, tana jinkirin bushewa, kuma tana tsukewa a wankin farko da kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. Wandon da tsawonsa santimita 90 ne zai iya rasa santimita 3 ko 4 tun kafin yaro ya sa shi sau uku. Foliyesta zalla, wanda ake kira yadin roba, ba ya tsukewa, ba ya saurin koɗewa, yana bushewa nan da nan, sai dai ba ya shan gumi. Yaro zai wuni a cikinsa kamar an naɗe shi a leda, ga ƙaiƙayi, ga warin da ke maƙalewa a hammata ko an wanke. Abin da ya fi dacewa da yunifom shi ne gaurayen biyun, wanda aka fi samu da kashi 65 na foliyesta da 35 na auduga. Inda zafi ya yi yawa, gara a nemi wanda audugarsa ta kai rabi, ko da zai ɗan buƙaci guga. Nauyin yadi ma abin rubutawa ne, domin 'yan kasuwa suna auna shi da giram a kowace murabba'in mita. Nauyin yadin riga ya zama tsakanin giram 110 da 130. Ƙasa da haka, farar riga tana nuna abin da ke ciki, wanda ba ƙaramin cin fuska ba ne ga yarinya mai tasowa. Na wando da siket ya zama 200 zuwa 250, mai saƙa a karkace irin ta kaki, saboda ita ce ke jure zaman benci da durƙuso.

Kafin makaranta ta zaɓi yadi, ta sayi yadi ɗaya tak ta gwada. A zana murabba'i mai santimita 50 a kansa da biro, a jiƙa, a wanke, a shanya, a sake aunawa. In ya rage fiye da santimita ɗaya da rabi, to dole a riƙa jiƙa yadin nan kafin a yanka, kuma a rubuta hakan a takarda. Sai a jiƙa farin ƙyalle a goga a kansa da ƙarfi sau goma. In kala ta fito a farin ƙyallen, yadin yana zuba, kuma zai ɓata farar rigar da za a wanke tare da shi, ya ɓata safa, ya ɓata har jikin yaro idan ya yi gumi. Sannan a raba shi biyu, a shanya rabi a rana mako guda, a ɓoye rabi, a kwatanta. Gwajin kwana bakwai ne, amma yana tsare ɗaruruwan gidaje daga asarar shekara guda.

Yawan yadin da za a saya ya danganta da faɗinsa, abin da iyaye da yawa ba sa tambaya. Akwai mai faɗin inci 45, akwai mai 60. Rigar gajeren hannu ta yaro ɗan shekara shida zuwa takwas tana cin kamar yadi ɗaya na mai faɗi 60, ta matashi kamar ɗaya da rabi. Dogon wandon matashi yana fita a yadi ɗaya da rabi na mai 60, amma a mai 45 sai an kai biyu ko fiye, domin ƙafafun ba sa jeruwa kafaɗa da kafaɗa a kan teburin yanka. Siket mai tattara kuwa, wadda aka ninninka ta zagaye, tana cin ninki uku na faɗin ƙugu. Makarantar da ta wajabta irin wannan siket ta sani cewa ta ninka wa iyaye kuɗin yadi, ta kuma ɗora wa gida aikin guga kowane mako. Siket mai buɗewa daga ƙugu zuwa ƙasa, da ninki biyu a gaba, tana ba da irin wannan sakewar da yadin da bai kai haka ba.

Yanzu ga abin da muka fi so a ji, wato girman yaro. Daga shekara shida zuwa kusan goma, yaro yana ƙara tsawon santimita 5 zuwa 6 a shekara. In ya shiga balaga, wanda 'yan mata kan riga maza da kamar shekara biyu, yana iya ƙara 8 zuwa 10 a shekara guda. Kenan wandon da aka ɗinka daidai wa daida a farkon shekarar karatu, kafin ƙarshenta ya ɗage ya bar idon sawu a waje, siket ta haura gwiwa, sai makaranta ta ce an karya doka, alhali yaron bai yi komai ba sai girman da Allah ya ba shi. Iyaye kuma, don gudun haka, sai su ce wa tela ya yi ƙato, a ga yaro yana yawo cikin riga kamar buhu, kafaɗa ta sauko har dantse, wando yana share ƙasa har bakinsa ya cinye kafin ya girma ya cika shi. Duka biyun kuskure ne. Kafaɗa da kwala a yi su daidai da jikin yaro a yau. Rarar a ɓoye ta a inda za a iya warwarewa. Kalmasar ƙafar wando da ta siket a bar mata santimita 7 zuwa 8 a naɗe, a ɗinke ta da ɗinki mai sauƙin farkewa. A ɗinkin bayan wando, daga ƙugu zuwa ƙasa, a bar rarar santimita 3 ta kowane ɓangare, yadda za a iya buɗe ƙugun nan gaba. A sa roba mai faɗin santimita 3 a bayan ƙugu kawai, gaban ya zauna sumul. Ƙirjin riga ya fi ƙirjin yaro da santimita 10 zuwa 12, don ya iya ɗaga hannu ya rubuta a allo ba tare da maɓalli ya tsinke ba. Kayan da aka yanka haka suna kai shekara biyu, wani lokaci har ƙane ya gada.

Inda yunifom ke fara mutuwa sananne ne ga duk wanda ya taɓa gyaransa. Na farko hantsar wando. Yaro ya tsuguna ya ɗauki fensir, ka ji ɓarrr, ya miƙe ya jingina da bango, ya ƙi matsawa har a tashi. Ba yadin ne ya yage ba, zaren ne ya tsinke, saboda an bi wurin sau ɗaya da ɗinki mai faɗi. Hantsa tana son a bi ta sau biyu, ɗinki 10 zuwa 12 a kowane inci, da zaren foliyesta, ba na auduga ba, wanda gumi da sabulu ke ruɓar da shi. Na biyu bakin aljihu, inda hannu ke shiga da fita sau ɗari a rana. A ƙulle kusurwarsa da ɗinkin gaba da baya sau huɗu ko biyar. Na uku hammata. Na huɗu bakin yadi ta ciki, wanda in ba a yi masa wibin ba, wato ɗinkin da ke kama bakin yadi, yakan zazzage zare-zare har ya cinye rarar ɗinkin. A bar rarar santimita ɗaya da rabi a kowane haɗi. Allura mai lamba 14 ta isa riga, kaki kuma 16 yake so, in ba haka ba keken zai riƙa tsallake ɗinki. Maɓalli ya zama mai huda huɗu, a kuma maƙala guda ɗaya na ajiya ta cikin rigar. Makarantar da ke ba da kwangilar ɗinki, waɗannan su ne abin dubawa kafin ta karɓi kaya: a juya wando ta ciki, a kama ƙafa biyu a ja. In zare ya leƙo, a mayar.

Kaya nawa ya kamata yaro ya mallaka? Riga uku, wando ko siket biyu. Riga ta fi saurin datti, kuma wadda ake wankewa kullum da dare a sa ta da safe da ɗan lema ba ta kai zango biyu. Bilic, wato ruwan sinadarin da ake faranta kaya da shi, yana sa farin yadin da ke da foliyesta ya koma ruwan ɗorawa, dutsen guga mai zafi sosai kuma yana sa kaki mai duhu ya yi ƙyalli a gwiwa da mazaunai, ƙyallin da ba ya fita. A goge ta bai-bai da matsakaicin zafi, a shanya masu duhu ta bai-bai su ma.

Akwai abubuwan da suka shafi rai, waɗanda ba mu cika gani a takardun doka ba. Foliyesta in ya haɗu da wuta narkewa yake yi ya manne da fata, don haka ɗalibin da ke shiga ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ko ajin girki yana buƙatar rigar aiki ta auduga a sama. Igiyar da ake zurawa a wuyan rigar sanyi tana maƙalewa a lilo, ko a ƙofar mota, ta shaƙe yaro. Saboda haka ne ƙa'idar tufafin yara ta Turai ta hana ta a wuya da hular rigar ƙananan yara. Nektai ga 'yan firamare, in dai ba makawa, a yi mai maƙalawa wanda ke cirewa in an ja. Ga 'yan matan da ke sa hijabi, a rubuta tsawonsa da gaɓar jiki, misali zuwa gwiwar hannu ko zuwa ƙugu, a zaɓi yadi marar nauyi mai shan iska, kuma a fi son wanda aka ɗinke zagayen fuskarsa a kan wanda sai an soke da fil. Fil ɗin da yarinya ke riƙewa a baki yayin da take gyara mayafi, ana samun wanda ke wucewa maƙogwaro har huhu, kuma likitoci sun san wannan matsala. A ɗakin gwaji a cusa bakin hijabin cikin rigar aiki. Siket ko wandon 'yan mata kada ya zama fari ko mai haske. Yarinyar da ke tsoron tabon al'ada ya nuna tana iya zaɓar zaman gida kwana uku a kowane wata. A kuma yi musu aljihu na gaske, kamar na maza.

Takalmi ba sai mun ja ba. A faɗi kala, a ce ya zama mai riƙe dunduniya, marar tsini, a tsaya nan. A bar sararin faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmi, a kuma gwada da safa, da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura.

Sai batun bajo da sayen kaya a wuri ɗaya, wanda shi ne ke ci wa iyaye tuwo a ƙwarya. Da zarar an saƙa tambarin makaranta a jikin riga, da wando, da safa, da rigar sanyi, da jaka, to an rufe ƙofar kasuwa, ba wanda zai iya saye a ko'ina sai wurin mutum ɗaya, shi kuma ya sa farashin da ya ga dama. A Ingila abin ya kai majalisa, har aka yi doka a 2021 a kan tsadar yunifom. Ƙa'idar da gwamnati ta fitar a ƙarƙashinta ta umarci makarantu su rage kayan da ke ɗauke da tambari iyakar ragewa, su tabbatar iyaye na iya samun kayan da aka taɓa sawa, kuma in za a ba mutum ɗaya kwangila, a riƙa buɗe takara a kanta aƙalla duk shekara biyar. Ba sai an jira majalisa ba kafin a yi wannan. Bajo ya zama ɗan ƙyalle daban, wanda ake saye a maƙala a aljihun riga, a cire a mayar a sabuwa. Sauran kaya su zama na gama-gari da kowane tela zai iya ɗinkawa daga takardar. Ɗalibai masu fita kuma a roƙe su su bar kayansu masu sauran kyau, a wanke, a jera bisa girma a akwati a ofis.

Yana da kyau masu makarantu su tuna inda abin nan ya samo asali. Ɗaya daga cikin tsofaffin yunifom da ake sawa har yau shi ne doguwar shuɗiyar riga da safa ruwan ɗorawa ta makarantar Christ's Hospital, wadda aka kafa a Landan a 1552 domin marayu da 'ya'yan talakawa. Suturta yaran aka yi da ita. Yau kuma ga shi rashin yunifom ya zama dalilin korar ɗan talaka daga aji. Binciken da Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer suka yi a makarantun firamare 328 a yammacin Kenya, wanda aka buga a 2015, ya nuna cewa raba yunifom kyauta kaɗai ya rage yawan yaran da ke barin makaranta, har ma ya rage yawan 'yan matan da ke ɗaukar ciki da ƙuruciya. Riga da siket ke nan, ba wani abu ba, suka tsaya tsakanin yaro da karatu.

Shi ya sa muke ganin hukuncin mayar da yaro gida saboda kaya ba shi da kan gado. Yaron da aka kora da ƙarfe takwas, iyayensa sun fita nema, sau da yawa ba gida yake komawa ba, kuma ko ya koma, darasin ranar ya wuce shi har abada, a kan safa. Yanka wando da almakashi ko yaga siket a gaban jama'a kuwa ɓarnar dukiyar iyaye ce, ba tarbiyya ba. Abin da ke aiki shi ne a bar yaro ya shiga aji, malamin ajinsa ya kira shi gefe ya tambaye shi dalili, domin wanda aka sace wa riga a shanya daban yake da wanda ya tsuke wando don gayu. A ara masa daga akwatin ofis in akwai. A rubuta wa iyaye takarda mai faɗin takamaiman abin da ya saɓa, a ba su mako biyu. In an maimaita sau uku ba uzuri, a kira su zama. Duba kayan yarinya kuma aikin malama ne, a keɓe, ba tare da taɓa jiki ko sa abin awo a ƙafarta ba.

Sauran dokokin shiga su ma a tace su da tambaya ɗaya: malamai biyu za su iya duban yaro ɗaya su yanke hukunci iri ɗaya? "Shiga ta mutunci" ba ta amsa wannan tambaya. "Siket ta rufe gwiwa idan ana tsaye" ta amsa. "Gashi mai kyau" ba ta amsa ba, kuma irin wannan jimla ce ke ba da ƙofar takura wa yaro saboda halittar gashinsa, abin da hukumar daidaito da kare haƙƙin ɗan Adam ta Birtaniya ta gargaɗi makarantu a kai a 2022. "A ɗaure dogon gashi a ɗakin gwaji da filin wasa" ta amsa, kuma kowa ya ga dalilinta. Dokar da ba a iya faɗa wa ɗan shekara goma dalilinta a jimla ɗaya, a soke ta. A wannan shekarar ta 2022 ma makarantun sakandaren gwamnatin birnin Tokiyo sun yi watsi da dokar ƙayyade kalar kamfai da ta tilasta rina gashi baƙi. A kuma rubuta uzurori tun farko, kada a bar su ga ra'ayin mai tsaron ƙofa: mai ciwon fata da ba ya jure foliyesta ya sa auduga mai kala ɗaya, mai rauni a ƙafa ya sa takalmin da ya dace da shi, mai lalurar da ba ya iya ɓalla maɓalli a sa masa zif ko maɗauri mai mannewa, sannan suturar da addinin yaro ya wajabta a faɗi kalarta da tsawonta kamar sauran kaya.

Idan makaranta za ta canja yunifom, ta sanar shekara guda cur kafin lokaci, ta fara da sababbin shiga, tsofaffin ɗalibai su ci gaba da nasu har shekara biyu ko har ya ƙare. Dukkan dokar nan, da zanen riga da wando gaba da baya, da awo, da ƙyallen samfur, shafi ɗaya ya ishe ta. Kafin a buga ta, a miƙa wa teloli biyu da ba su san juna ba, kowa ya ɗinka wa yaro ɗaya daga abin da ya karanta. In kayan biyu suka fito iri ɗaya, a raba wa iyaye. In suka bambanta, a koma kan takardar a gyara.

Mun gode da filin da ka ba mu, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wasu teloli da malaman makaranta